Yafiyar Lami Mai Kifi

Duk mai bin hanyar kasuwar Madarumfa ya san rumfar Lami, in bai san sunanta ba to ya san ƙamshin. Doguwar mace ce baƙa, bayan hannuwanta duk tabon mai, tana suyar tarwaɗa da karfasa a wani babban kasko da ya girmi ƴaƴanta. Da hantsi take sauka bakin tabki ta tari masunta tun ba su gama jawo jiragensu ba, ta yi cinikinta ba wasa ba dariya, ta ɗoro kwando a ka. Musulmin gari suna ce mata Lami mai kifi. Kiristoci kuwa, daga nan har Maraɗi, har ƙauyukan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, sun fi saninta da Mama Lami mai saƙon safe.

Kowace safiya kafin ta fita, takan kife turmi ta zauna, ta buɗe Littafi Mai Tsarki a cinya, ta bi aya ɗaya ko biyu da yatsa, sannan ta danna salula ta yi magana a kansu. Ba ta da tsarin masu wa'azi. Zakara yakan yi cara a tsakiyar maganarta, jakin wani ya yi kuka, ita ma ta yi tari ta ci gaba. Sai ta tura wa rukunin zumuntar mata na majami'arsu, daga can saƙon ya yi ta tsalle daga salula zuwa salula. Mata suna saurarenta suna daka, direbobi suna saurarenta suna jiran lodi. Takan taɓo haƙuri, ta taɓo bangaskiya, ta taɓo tarbiyyar yara, amma ko ta ina ta faro, a kan gafara take sauka. Mutane sun yarda da ita a wannan fanni, don sun san abin da aka yi mata.

A wani ƙauye kusa da Safo aka haife ta. Ubanta ya tafi asibitin mishan neman maganin kuturta, ya dawo da guntayen yatsu da sabon addini, danginsa suka raba masa ƙwaryar sha. Shi ya koya mata karatu, yana riƙe shafi da dungulmin hannu. Ta auri Ishaya, mutum mai sanyin magana da ke da lambu a bakin tabki, inda yake shuka ganyen salati da tumatir da zogale idan ruwa ya ja baya. Lambun da ke jikin nasa na Mamman ne, haka ma gidan da ke jikin nasu. Rijiya ɗaya suke ɗiba. Da Sallar layya Zahara'u matar Mamman takan miƙo cinyar rago ta saman katanga. Da Kirsimeti kuwa Ishaya ba ya yanka akuyarsa da kansa, Mamman yake kira ya yanka, don duk unguwa su ci ba tare da wani ya yi ƙyanƙyami ba. Mamman yakan wasa wuƙa yana tsokanar Lami.

"Matar abokina, in ba ni ba, da wa zai ci miyarki?"

"Kai dai yanka ka ba ni wuri, Malam. Hanta kake nema, na gane ka."

A shekarar da ƴan bindiga suka fara ƙetarowa daga iyaka da rana tsaka, Mamman ya tafi ɗauko kara da amalanken jakinsa a wata gona ta kudu. Suka tare shi. Suka ga ba shi da komai sai jaki, suka ɗaure shi a gindin itace suka yi ta bugu, suna cewa ya faɗa musu wa ke da masu fansarsa a garin. Akwai ƴan kasuwa a Madarumfa, akwai masu motoci. Mamman bai kira ko ɗayansu ba. Ya ce akwai maƙwabcinsa Kirista, su Turawa ke tsaya musu. Shi ya shigo da biyu daga cikinsu har lambu a kan babur, bindigogi a ƙarƙashin riga. Suka sake shi nan, suka tafi da Ishaya.

Babu wani Bature. Majami'arsu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, rabin masu zuwa mata ne da yara. Aka yi karo-karo har Maraɗi, Lami ta sayar da awakinta da gadonta, abin da aka tara ya sa mutanen daji suka yi dariya a waya. Suka ce a daina yi musu wasa, a kira Turawan. Tun ana jin muryar Ishaya sama-sama, har aka daina. Daga baya lambar ta daina shiga gaba ɗaya. Ba gawa, ba kabari. Wani da ya kuɓuto bayan damina ya ce ya ga wani dattijo Kirista da ƙafa ta ruɓe, an bar shi a gindin dutse. Iyakar abin da Lami ta samu ta yi makoki a kai ke nan.

Mamman da bakinsa ya faɗa wa jandarmomi yadda aka yi. Suka riƙe shi, suka ga tabon igiya a wuyan hannunsa da haƙoran da suka zube, suka sallame shi. Gari bai sallame shi ba. A lokacin kowa yana tsoron masu kai wa ƴan bindiga labari, kuma ga mutum an gan shi ya kawo su har lambu.

Saƙon da ya sa aka san Lami ta yi shi ne a cikin wannan zafin. Ta kwana biyu ba ta tura komai ba, sai wata safiya ta danna salula da muryar da kuka ya dusar.

"Ƴan'uwa cikin Almasihu, ina kwananku. Yau ba ni da dogon zance. Na karanta inda Ubangijinmu yake rataye, yana roƙa wa masu kashe shi gafara tun ba su nema ba. Na ce, Yesu, kai ka iya, ni mai kifi ce. Na ji kamar ya ce mini, faɗa dai, ni zan ɗauki nauyin. To, ga shi na faɗa. Maƙwabcina da ya nuna mijina, na yafe masa."

Ran nan ba ƙarya ta yi ba. Ta faɗa ne don ta ga in ba ta faɗa ba za ta ɗauki taɓarya ta tsallaka katanga. Saƙon ya zaga. Aka kira ta taron mata a Maraɗi, aka ba ta makirufo, ta ba da labarin, zaure ya cika da kuka. Aka sake kiranta wani wuri. Har limamin unguwa ya kawo misali da ita a wa'azinsa, ya ce ga wadda ba ta salla ta fi wasu masu goshi baƙi.

Daga nan ne abin ya sake kama, a hankali yadda ita ma ba za ta iya nuna ranar ba. Gari yana da saurin mantuwa. Ana sace wani, a manta da na baya. Da an bar Mamman, da wataƙila wata rana ya koma zama a dandali ana ba shi hannu. Amma ba a yi wata guda Lami ba ta ambaci maƙwabcinta a saƙon safe ba. Idan ranar da aka ɗauke Ishaya ta zagayo, takan ba da labarin daga farko, da babur ɗin, da tumatirin da aka tattake, ta rufe da cewa ta yafe. Ran kasuwa, da mutane suka ƙaurace wa tiren Mamman, ita ce take ratsa taro ta tsaya a gabansa ta ɗaga murya.

"Malam Mamman, ina gajiya? A ba ni tumatir. A wurinka nake saye, ni ba ni da komai a raina."

Kasuwa sai ta yi tsit a wannan gefen. Mamman ya zuba mata tumatirin, kansa a ƙasa.

Kowace Juma'a kuma takan zaɓi manyan tarwaɗa ta soya, ta kai gidansa. Ba ta miƙawa ta katanga yadda ake yi a da. Takan fito ta ƙofarta, ta bi titi da kwano a buɗe daidai lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, ta yi sallama da ƙarfi. Akwai wata aya da take so ƙwarai, wadda ke cewa ciyar da maƙiyi kamar tara masa garwashi ne a ka. Pasto ya taɓa fassara musu cewa garwashin kunya ce da ke kai mutum ga tuba. Lami ta gyaɗa kai. Ita dai ta san garwashi, da shi take aiki.

Pasto Istifanus ne kaɗai ya taɓa gwada taɓa maganar. Ya tsaya a rumfarta wata rana da babur ɗinsa, ya cire hular kwano.

"Mama Lami, saƙon jiya ya ratsa ni. Sai dai ina cewa, da za ki bar maƙwabcin nan ya ɗan huta."

"Na taɓa kiran sunansa, Pasto?"

"Maƙwabci nawa gare ki, Mama? Gabas da ke kango ne, yamma rariya, hanyar wucewa."

"Au, shaidar abin da Ubangiji ya yi mini ce ba a so? In yi shiru?"

"Ban ce ba."

"To riƙe wannan, ka kai wa Madam. Kan ne ya fi daɗi, kada ka cinye a hanya."

Ya karɓi kifin ya tafi. Yaro ne a kanta, kuma rabin masu zuwa majami'arsa saboda ita suke zuwa.

Shekaru suka wuce a haka. Mamman ya bar lambu, ya daina zuwa kasuwa. Ƴarsa Mariama ta yi aure can garin Sarkin Yamma, wurin mutanen da ba su damu da tambaya ba, ba ta cika zuwa ba. Sai ciki ya fara kumbura masa, ƙafafu suka biyo baya, idanu suka yi ruwan ɗorawa. Aka kai shi Maraɗi, likita ya ce hanta ce, a koma da shi gida.

Wata Talata da la'asar Zahara'u ta zo rumfar Lami. Rabon da ta tako nan tun Ishaya yana da rai. Ta tsaya a gefe har masu saye suka ragu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda hayaƙi.

"Yaya Lami, ina wuni."

"Lahiya lau, Zahara'u. Ya mai jiki? Kullum yana cikin addu'ata."

"Mun ji. Duk gari ya ji." Ta matso kusa da ita. "Malam ne ya ce in kira ki. Ya ce don Allah yau, in da hali."

Lami ta sauke kasko, ta wanke hannu, ta sake ɗaurin zane. A hanya ta tsinci kanta tana shirya yadda za ta ba da wannan labari gobe da safe. Har ta samu ayar da za ta dace.

Ɗakin yana warin magani da fitsari. Mamman yana kwance a tabarma an tokare shi da matashi, ciki kamar tulu, wuya kamar kara. Ya ɗaga wa matarsa hannu ta fita, ta saki labule.

"Matar abokina," in ji shi. Muryar ta shaƙe amma tsokanar tana nan a ƙasanta. "Zauna. Salular nan a kashe take?"

"Haba Malam."

"Kashe dai. Ki aje ta can bakin ƙofa."

Ta kashe, ta ajiye. Ta zauna a kujera ƴar tsugune, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Ban kira ki in ba ki labari ba, kin fi ni iya ba da shi. Abu ɗaya ne. Ban san yadda yake a wurinku ba. Mu a wurinmu, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Allah yana yafewa in ya so. Amma haƙƙin mutum, sai mai shi ya yafe da kansa. Ishaya ba ya nan. Ke ce kika rage." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Tahiya zan yi, Lami. Ina jin tsoro."

"Ai na riga na yafe, Malam. Duniya ta shaida."

"Duniya ta ji. Direbobin Dan Isa sun ji. An ce har Yamai an ji. Ni ba ki taɓa faɗa mini ba."

Ta buɗe baki za ta musa, ta tsaya. Ta bi shekarun da sauri, kasuwa, ƙofar gida, kwanon Juma'a. Ta ce masa ba ta da komai a ranta, ta ce masa Allah ya ba da lafiya. Kalmar kanta, ga idonsa, ba ta tuna ba.

"Ban taɓa roƙonki ba," ya ci gaba. "Kunya ta hana ni da fari. Daga baya kuma na ga kin ba ni abin tun ban roƙa ba, kin ba ni a kasuwa, kin ba ni a titi, har na rasa inda zan sa kaina. Kifinki, wallahi, ban taɓa iya haɗiyewa ba. Da almuru, in duhu ya fara, ake kai wa tsohuwar nan da ke bayan gidanmu." Ya yi wata ƴar dariya da ta koma tari. "Ban ce ban cancanta ba. Na cancanta."

"Me ya sa shi?" Ba ta shirya tambayar ba, fita ta yi. "Ga masu motoci, ga masu shaguna. Me ya sa wanda kuke ɗiban rijiya ɗaya?"

"Don na ɗauka shi kaɗai ne ba za a kashe ba. Na ce in na kira Alhaji wane, za a tsiyata gidansa, ko a harbe shi. Ishaya kuwa, kwana biyu Turawansu su biya, ya dawo ya zage ni, mu ci gaba da ban ruwa. Haka kowa ke cewa, Lami, ku akwai masu tsaya muku. Na yarda da hakan kamar yadda na yarda gobe rana za ta fito." Hawaye ya gangaro masa cikin kunne. "Da muka iso, yana tsugune yana cire ciyawa. Ya ɗago ya ce, Mamman, baƙi ka yi? Bari in tsinko musu tumatir."

Wannan ba ya cikin labarin da take bayarwa. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ta ji muryar mijinta sak, yadda yake jan ƙarshen magana, abin da ta yi shekaru tana nema a kunnenta ta rasa.

"Yanzu ba kowa," in ji Mamman. "Daga ni sai ke sai Allah. Don girman wanda kike bautawa, ki yafe mini."

Kalma biyu ce. Ta faɗe ta a makirufo, ta faɗe ta a salula da baki cike da hayaƙi, ta faɗe ta har ta iya inda ake sassauta murya. Ta leƙa cikin ranta za ta ɗauko ta. Sai ta tarar babu. Abin da ta samu a wurin wani dunƙule ne mai zafi, lafiyayye, wanda bai rage ko kaɗan ba tun ranar da lambar ta daina shiga. Ta gane cewa duk safiyar duniya shi take ba wa abinci. Ta gane kuma cewa in ta faɗi kalmar a nan, inda ba mai ji sai shi, to ta sake shi ke nan, zai tafi da sauƙi, ita kuma a bar ta da gindin dutsen da ba ta san inda yake ba.

Ya zuba mata ido yana jira. Ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba. A waje wani yana kiran awaki.

"Allah ya ba ka lahiya, Malam," in ji ta.

Ya lumshe ido. Ta ɗauki salularta a bakin ƙofa, ta wuce Zahara'u da ke tsugune tana wanke kwano, ta fita.

Washegari ta kife turmi ta zauna kamar kullum. Kafin ta buɗe littafi takan yi addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa. Ta zo gaɓar da mai addu'a ke roƙon a gafarta masa daidai da yadda shi ma yake gafartawa, harshenta ya tsaya. Tun tana yarinya take wuce wannan wuri a guje. Yau ta ji abin da take roƙa wa kanta. Lami ba munafukar da ba ta yarda da Allah ba ce. Ta yarda da shi sarai, shi ya sa ta ji tsoro.

Duk da haka mata suna jira. Ta danna salula.

"Ƴan'uwa cikin Almasihu, ina kwananku. Yau mu duba inda aka ce, in ka kawo baiko, wato kyautarka, gaban Allah, ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka aje baikon, ka je ku shirya tukuna. Kun ji? Allah ya ce zai jira. Shi da ba ya jiran kowa, ya ce je ka dawo, ina nan. Ɗan'uwanka ne ba lalle ya jira ba. Kada mu ce sai gobe."

Ya yi kyau. Kafin ta ɗaura kallabi, amin-amin sun fara shigowa.

Ta ce a ranta za ta shiga wurin Mamman yanzu. Ta tsaya a ƙofarta ta dubi tasu, ta ce bari dai ta tari masunta kada kifi ya wuce ta, in ta dawo sai ta shiga. A bakin tabki ta sayi fiye da abin da ta saba saye. Ta ce in ta gama suya. Ta yi ta suya a hankali, tana juya kowane kifi fiye da yadda yake bukata, tana gwada kalmar a bakinta ƙasa-ƙasa cikin ƙarar mai. A nan tana fita lafiya. Da ta hango fuskarsa a ranta sai ta maƙale. Ta ce, Yesu, kai ka ce za ka ɗauki nauyin. Ba ta ji an ce mata komai ba.

Bayan azahar wani mai gyaran babur ya zo sayen karfasa, yana zaɓe yana magana.

"Ashe maƙwabcinki ya cika. Yanzu aka wuce da shi. Allah sarki, ke kam kin yi naki, Lami. Sa mini yaji da yawa."

Ta sa masa yaji. Ta sauke kasko, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta bar sauran kifin ɗanye a kwando.

Maza suna maƙabarta, tsakar gidan Mamman cike da mata a kan tabarmi. Da ta yi sallama aka shiga matsawa ana ba ta wuri, har wata tsohuwa ta janye jikarta daga kan tabarma mai kyau. Ta durƙusa gaban Zahara'u ta yi gaisuwa. Zahara'u ta amsa idonta a bushe, sannan ta ɗaga murya yadda na bakin rijiya ma za su ji.

"Jama'a, ku taya ni yi wa Yaya Lami godiya. Jiya Malam ya kira ta, ya nemi yafiya, ta yafe mishi baki da baki. Ya ce in shaida wa kowa. Ya tahi ba nauyin kowa a kansa."

Gidan ya ɗauki salati da sa albarka. Wata ta kama hannun Lami ta riƙe a ƙirjinta tana kuka. Wata ta ce Allah ya sa ta gane gaskiya kafin ta mutu, irin wannan zuciya ba ta dace da wuta ba, aka ce mata ta yi shiru ba yau ba. Lami ta zauna a cikinsu kamar an dasa ta. Ta rasa ko mutumin ya yi haka ne don ya rufa mata asiri, ko don matarsa ta samu abin riƙewa, ko kuwa ya ɗora mata ne ya tafi, yadda ita ta yi ta ɗora masa. Wanda zai faɗa mata ana zuba masa ƙasa.

Da ta tashi tafiya Zahara'u ta rako ta. A cikin zaure, inda ba kowa, Lami ta juyo ta riƙe mata gefen mayafi.

"Zahara'u, ban faɗa ba."

"Na sani. Kwano ɗaya nake ta wankewa a bakin labulen."

"To me ya sa kika..."

"Shi ya ce. Da safe ya ce a buɗe mishi ƙofa, ya ji kamar motsinki. Da rana ta yi sama ya ce a rufe. Sannan ya ce in an tambaya in ce kin yafe, in ba a tambaya ba ma in faɗa." Ta zare mayafinta a hankali daga hannun Lami. "Ban tambaye shi dalili ba. Wasiyya ce, zan yi ta faɗa har in mutu. Ke ma sai ki san yadda za ki yi da ita."

"Bari in koma ciki in gaya musu gaskiya."

"A gidan mutuwar mijina? Ki ce musu ya tahi da haƙƙi a wuyansa, kuma ya yi ƙarya a bakin kabari?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kin ci mishi mutunci yana da rai, Yaya. Ki bar mishi na yau."

Ta koma ciki, ta bar Lami a zaure.

A waje maza sun fara dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu da jar ƙasa, suna zama a tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida har ya tare hanya. Labari ya riga ya iso musu. Da suka gan ta suka janye ƙafafu, suka buɗe mata tsakiya, abin da ba su cika yi wa mace ba. Liman ya ɗaga mata hannu.

"Sannu, Lami. Allah ya saka miki da abin da kika yi wa bawan nan."

"Amin," in ji mazan gaba ɗaya.

Ba wata hanyar zuwa ƙofarta sai ta tsakaninsu. Ta sunkuyar da kai ta bi.